Gudun Da Na Yi a Ƙarƙashin Baƙar Gada

Kwana tara da saukata Ingila na gane cewa aikin da na zo yi babu shi.

Alhaji Sada ne ya shirya mani tafiyar. Ajinmu ɗaya a sakandare a Katsina, ya riga ni fita da shekaru, kuma duk zuwan da zai yi gida sai gari ya san ya zo. Shi ya ce mani akwai wani kamfanin kula da tsofaffi da ke neman ma'aikata ido rufe. A kan maganarsa na sayar da filina da motata, na ajiye aikin gwamnati inda na kai matsayin da masinja ke karɓar jakata tun daga bakin ƙofa. Da na bi adireshin kamfanin sai na iske ɗaki ɗaya a saman shagon aski, da wata mata a bayan tebur. Ta duba kwamfuta, ta ce lallai sunana yana ciki, amma babu gurbi yanzu, in koma in jira kira.

A kan matakala na tsaya na kira Alhaji Sada.

"Haba Mannir," in ji shi, "kai da ka yi aikin gwamnati za a koya ma jira? Zamna ka huta, ka sha iskar Turai."

Mu shida ne a gidan da ya sama mani ɗaki, kowa da ƙasarsa. Duk sukan fita aiki da sassafe, mai gidan kuma ya kashe na'urar ɗumama ɗakuna. Sanyin bai dame ni kamar tambayar "yau ma kana gida?" ba. Don haka kullum sai in yi wanka, in sa kwat, in ɗauki jakar da ba komai cikinta sai darduma da burodi, in fita kamar mai zuwa ofis. A irin wannan yawon na gangara wata rana na iske kogin.

Mu Katsinawa ba mutanen kogi ba ne. Ruwan da na sani shi ne na damina, ya cika kwata ya wuce. Wannan kuwa ya raba garin biyu, ga ƙananan rafuka suna zubo masa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da aka shimfiɗa a gaɓarsa ta kowane gefe. Kwalta ce mai faɗin mota ɗaya, amma ba a yarda mota ta hau ba. An ja farin fenti a tsakiya, gefe guda an zana mutum, ɗaya gefen an zana keke. Tana bin kogin, ta rabu ta bi rafukan, ta sake haɗuwa. Mutum zai iya tashi daga asibiti ya je jami'a, ya wuce kasuwa, ya fita har bayan gari inda shanu ke kiwo, bai tsallaka titi ko ɗaya ba. Tsofaffi, masu tura jarirai, masu jan karnuka, kowa da tafiyarsa, ba wanda ya tambaye ni inda za ni. Abin da nake nema ke nan.

A kan wata gadar ƙarfe na roƙi wani ya ɗauke ni hoto, ruwa a bayana, kwat a jikina. Na aika wa matata Hindatu, na rubuta: "Ga hanyar ofishinmu." Kafin azahar ta kai wa mahaifiyata Hajiya ta gani, kafin la'asar rabin Ƙofar Sauri sun gani. Hajiya ta aiko da saƙon murya tana sa mani albarka har muryarta tana rawa. Na saurare shi a kan benci ina cin busasshen burodi, agwagi suna jiran abin da zai faɗo.

Baƙo ko da ido makaho ne. Kwanaki ina tafiya a gefen masu keke ban lura ba, ana kaɗa mani ƙararrawa, ina cewa a raina mutanen nan ba su da tarbiyya. Wani tsoho ne ya tsai da ni. Dogo ne siriri, da rigar 'yan sa-kai mai ruwan ɗorawa, hannu ɗaya da baƙar leda, ɗayan da sanda mai baki wadda ake tsintar shara da ita ba sai an duƙa ba.

"Ɗana, in ka ci gaba da bin nan za su kwashe ka," ya ce. "Dawo wannan gefen."

Sunansa Kolin. Ya kasa faɗin Mannir, sai ya yanke ya koma kirana Mani. Ya ciro wata taswira a aljihu ya buɗe a kan benci. Aikina a gida duba taswirar filaye ne, saboda haka na shiga yi masa tambayoyi, shi kuma ya ga ya samu mai saurare. Ya ce lokacin da yake saurayi wurin nan juji ne, kogin yana wari, ba mai zuwa sai ɓeraye. Su mutanen unguwa ne suka riƙa fitowa suna kwashe ƙarafa da tayoyi, har hukuma ta ji kunya ta zo ta zuba kwalta. Tun da ya bar aikin walda, yankin da ke tsakanin Gadar Ƙarfe da gadar jirgin ƙasa shi ke kula da shi. Ita gadar jirgin hayaƙin shekaru ya rine ta, ni na sa mata suna Baƙar Gada.

Ya dubi kwat ɗina da takalmina da suka jiƙe. Bai tambaye ni komai ba. Ya naɗe taswirar ya ba ni, ya zuba mani shayi a murfin filas ɗinsa.

Wata biyu kiran kamfani bai zo ba. Sai Alhaji Sada ya zo da kansa, a wata doguwar mota, ya ce ya samo mani mafita. Akwai aikin kai wa mutane abinci gida da keke. Takarduna ba su ba ni izinin yin sa ba, amma akwai wani da zai ara mani sunansa a waya, in yi aikin, su cire kasonsu daga kuɗin. Keken ma ya kawo, yana bayan motar, ga wayar aikin a hannunsa.

"In aka kama ni fa?"

"Wa zai kama ka? Baƙar fata duk ɗaya muke gare su. Kai dai kada ka shiga rigimar da za ta kawo ɗan sanda."

Na san haramtacce ne a dokarsu. Na karɓa. Rabona da hawa keke tun ina aji uku, kuma a Katsina da za a ga mai matsayina a kan keke da sai a zo yi mani jaje. Ranar farko na faɗi sau biyu a cikin ciyawa. Kolin ya hango ni da ƙatuwar jaka a baya da hular kwano, ya yi dariya har da tari.

"Mani ya samu aiki!"

Ya juya keken ƙafafu sama, ya murza taya, ya girgiza kai. Birkin baya ba ya kamawa. Ya ciro 'yan ƙarafa daga jakarsa ya ɗaure wayar birkin, ya sa wa sarƙa mai, ya gwada sau uku kafin ya miƙo mani.

"Abu ɗaya," ya ce. "A ƙarƙashin gadar jirgi akwai kwana, ba ka ganin mai zuwa. Rage gudu, kaɗa ƙararrawa. Kullum."

Na ce to.

Cikin 'yan makonni na haddace hanyoyin nan kamar lungunan unguwarmu. Na san reshen da ke bi ta bayan makabarta ya ɓulle kasuwa, na san inda saiwar itace ta ɗaga kwalta, na san wata bishiya mai rassa har ƙasa inda nake shimfiɗa kwali in yi azahar ba mai ganina. Ruwan sama ba ya jin sallama a garin nan. Yatsuna sukan sandare har in kasa danna waya. Wani Baturke mai shagon nama yakan zuba mani miya mai zafi in ya ga ina rawar ɗari, ya ƙi karɓar komai. Wata rana na kai abinci wani ɗakin ɗalibai, na ji ana Hausa a ciki, sai na ja mayafin wuya na rufe baki da hanci, na miƙa ledar da Turanci na juya da sauri. Da la'asar ta yi sai raina ya koma majalisarmu ta Ƙofar Sauri, tabarma a gindin itacen bedi, ana gardamar siyasa, mai fura tana jiran a biya ta. Hindatu kuwa ina ci gaba da gaya mata ofis lafiya, aiki ne dai ya yi yawa.

Abin ya faru ne a lokacin da itatuwa ke zubar da ganye. Ganyen yakan kwanta a kwalta, ruwa ya jiƙa shi ya yi santsi kamar karkashi. Da safen ranar Alhaji Sada ya kira ni ya ce mai sunan yana ƙorafi ina makara, in ban gyara ba za a ba wani. Wajen ƙarfe uku na rana na ɗauko abinci daga kasuwa, an riga an ɓata mani lokaci a shagon, waya tana ta ƙara a aljihu. Na miƙe tsaye a kan feda. Na ga Baƙar Gada tana matsowa, na tuna da ƙararrawa, na tuna da birki, na ce a raina yau dai ba kowa.

Kolin yana duƙe a cikin kwanar yana ciro wata kwalba da ta maƙale a shinge.

Ban ma san na buge shi ba sai da na ji ƙarar kansa a jikin bangon gadar. Ni ma na wuntsila gefe. Da na tashi sai na gan shi kwance, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa, jini yana bin farin gashinsa. Idonsa a buɗe yake. Ya dube ni.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" na ce da ƙarfi. "Na shiga uku, na kashe shi!"

Wata mata ta taho a guje daga ɗaya ɓangaren, baƙa, da rigar ma'aikatan asibiti a ƙarƙashin rigar sanyi. Ta zube gwiwa biyu a gabansa, ta cire ɗankwalinta ta danne raunin. Sai ta ɗago kai ta yi mani magana, da Hausa, Hausar gidanmu.

"Malam, zo ka riƙe mani kanshi kada shi motsa. Zan kira motar asibiti."

Wata huɗu ban ji mace ta yi mani Hausa ido da ido ba. Na yi taku ɗaya wajenta. Sai wani Bature mai kare ya iso, na ji yana cewa a kira 'yan sanda su ma. Nan take na ga komai a gabana: sunan da ba nawa ba a waya, takarduna, jirgi, hotona a kan gada da duk unguwa ta gani.

Na ɗaga keken.

"Malam! Don Allah! Ina za ka?"

Ban waiwaya ba. Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma sai yanzu nake iya faɗinsa. Abincin nan na kai shi. Na buga ƙofa, wata yarinya ta karɓa ta ce ta gode, na ce ba komai. Sai da na sauko na ga jini a gwiwar wandona, ban san ko nawa ne ko nasa ba.

Taswirar da ya ba ni ita na yi amfani da ita na guje masa. Na zauna na fitar da hanyoyin da ba za su bi da ni ta yankinsa ba, ko da zagaye ne mai nisa. Na koma bin gaɓar gabas. Daga can ina hango tsallake, ina ganin gwangwanaye da ledoji suna taruwa a ciyawar da ban taɓa ganin ko tsinke a cikinta ba. Ba rigar ruwan ɗorawa. Ban san ko yana asibiti ko yana kabari ba, kuma ba wanda zan tambaya. In na ta da kabbara sai in ga idonsa. Hindatu ta ce, "Muryarka ta canja, ko ba ka da lafiya?" Na ce mura ce.

Sati uku ina haka. Sai aka kwana biyu ana sheƙa ruwa, kogi ya cika ya haye gaɓar gabas, hukuma ta sa shinge ta rufe ta. Duk mai son tsallakawa, da ƙafa ko da keke, dole ya bi ta Gadar Ƙarfe, kuma dole ya sauka ya tura. Ina tsakiyar gadar, kaina a ƙasa, sai na ga takalma sun tsaya a gaban tayata. Na kauce dama, suka kauce dama.

"Ina wuni, Malam."

Ita ce. Matar nan ta ƙarƙashin Baƙar Gada.

"Lafiya lau," na ce.

"Ya aiki? Ya sanyi? Ya mutanen gida?"

Ta jero gaisuwar nan kaf, ba ta bar ko ɗaya ba, fuskarta ba alamar dariya. Ina amsawa kamar wanda ake karanta wa laifinsa a gaban alƙali.

"Bakatsine ne kai," ta ce. "Na ji bakinka ran nan. Wace unguwa?"

"Ƙofar Sauri."

"Ni a Kambarawa aka haife ni. Sunana Rifkatu. Babana mutumin Filato ne, amma a Katsina ya yi aikinshi har ya gama, can yake zamne har yanzu."

Mutane suna wuce mu ta kowane gefe. Na tattara abin da ya rage mani na ce, "Shina da rai?"

"Sai yau za ka tambaya?"

Sannan ta ci gaba.

"Shina da rai. Ƙugunshi ya karye, an yi mashi aiki, an ɗinke kai. An sallame shi shekaranjiya." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ka san mi ya fi ci mani rai? Da na ji ka yi salati, sai na ce na gode Allah, ga ɗan gida, ba ni kaɗai ba ce. Hannu ɗaya na danne jini, hannu ɗaya na riƙe waya, kanshi kuwa da gwiwata na tare. 'Yan sanda sun tambaye ni, na ce mai kai abinci ne da hular kwano. Ba su tambaye ni yaren da ya yi ba, ni ma ban faɗa ba. Da wannan nake shiga coci duk Lahadi."

Na fara yi mata bayanin takardu da Alhaji Sada. Ta ɗaga hannu.

"Duk wanda ka gani a nan da tashi matsalar takarda. Ran Asabar ƙarfe biyu zan je duba shi. Nan zan biyo. In ka zo, to. In ba ka zo ba, ba zan neme ka ba."

Da na gaya wa Alhaji Sada sai ya yi tsalle. "Kada ka kuskura! Kai ka san mutum nawa za ka ja? Tsoho bai mutu ba, mi kake nema kuma?"

Ina so in ce tsoron Allah ne ya kai ni gadar ran Asabar. Akwai shi, amma ba shi ne babba ba. Abin da ya fi tura ni shi ne Kambarawa ba ta da nisa da Ƙofar Sauri, kuma magana ɗaya daga bakin matar nan ta isa ta kai labarina ɗakin Hajiya. Ko a zuwa neman gafara, sunana nake karewa.

Gidan Kolin ƙarami ne, a wani layi da ke gangarawa kogin. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa, mace mai kamar shekaruna. Ta rungume Rifkatu. Da aka gaya mata ko ni wane ne, sai ta ja da baya ta bar mani hanya. Yana zaune a kujera kusa da taga, an aske gefen kansa, ga ƙarfen dogarawa a gabansa. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

Na durƙusa a ƙasa yadda muke yi a gida.

"Tashi, Mani," ya ce. "Ba na iya sunkuyowa in gan ka."

Na zauna a bakin wata kujera. Duk Turancin da na shirya a hanya ya gudu. Shi ya fara magana.

"Ina so in tambaye ka abu ɗaya, ka gaya mani gaskiya. Birkin ne? Wanda na ɗaure maka. Ya ƙi kamawa?"

Sai a lokacin na gane. Sati uku yana kwance a asibiti yana tuhumar hannunsa. Ga ƙofa a buɗe: in ce e, birki ne, laifin ya rabu biyu, 'yarsa ta sassauta. Rifkatu tana tsaye a jikin bango tana kallona.

"Birkin lafiyarsa lau," na ce. "Ban kama ba. Ban kaɗa ƙararrawa ba. Na tuna abin da ka gaya mani, na ƙi yi, saboda ina sauri."

Ya rufe ido.

"To," ya ce. "Na gode da wannan. Shekara arba'in ina walda, ba a taɓa dawo mani da aiki ba."

'Yarsa ta ce za ta kira 'yan sanda yanzu, tunda ga shi ya faɗa da bakinsa. Ban ce kada ta kira ba, ba ni da bakin cewa. Kolin ya girgiza kai.

"Na riga na gaya masu ban ga fuskarsa ba. Ƙarya na yi, kuma ba halina ba ne. Ba zan koma in ce masu tsohon nan maƙaryaci ne ba." Ya juyo gare ni. "Keke yana buge mutum, Mani. Ni ma na taɓa buge wani. Amma na ga ka dube ni, na ga ka ɗauki kekenka. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba. Kada ka tambaye ni yafiya yau."

Hawaye suka zubo mani a gaban mata biyu. Ba wanda ya rarrashe ni.

Da za mu tafi sai ya sa 'yarsa ta ɗauko sandar tsintar shara daga bayan ƙofa.

"Ba kyauta ba ce," ya ce. "An ce mani wurin ya cika da datti."

Washegari na mayar wa Alhaji Sada kekensa da wayarsa. Ya zage ni tas, daga ranar bai sake ɗaga kirana ba. Na shiga tsintar shara tsakanin Gadar Ƙarfe da Baƙar Gada, safe da yamma. Abinci kuwa wani lokaci a masallaci, wani lokaci Rifkatu ta miƙo mani kwano in ta biyo za ta asibiti, tuwo da miyar kuka, ba ta tsayawa hira. Sau ɗaya 'yar Kolin ta turo shi a keken guragu har bakin hanyar. Ya dubi ciyawar daga nan har can, ya nuna mani wani gwangwani da na tsallake a gindin shinge. Na je na ɗauko. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Likita ya ce ba zai sake doguwar tafiya da ƙafarsa ba, kuma har na bar ƙasar bai ce ya yafe mani ba.

Ba a daɗe ba takarda ta zo cewa an soke lasisin kamfanin da ya kawo ni, an ba ni wa'adin fita. Ranar na kira Hindatu na gaya mata komai, tun daga kwat da burodi har zuwa jinin da ke gwiwata. 

"Dawo gida, Baban Amira," ta ce. "Sauran magana sai ka zo."

Na dawo Katsina da akwati ɗaya, rabinsa saƙon Rifkatu ne ga mahaifinta: rigar sanyi da man zafi na gwiwa. A majalisa aka sa mani suna Mannir Ingila. Ana tambayata, ina cewa sanyi ne bai karɓe ni ba. Hajiya ta ce ai gara da na dawo, lafiya uwar jiki. Na bar ta a haka.

Kwana goma ina jinkirin kai saƙon, sannan na hau ɗan sahu na tafi Kambarawa. Na iske Baba Yohanna, mahaifin Rifkatu, a ƙofar gidansa a kan kujerar roba, yana sauraren rediyo. Tsohon ma'aikacin famfo ne, gajere, mai yawan dariya. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake sabuwa. Ya sa aka kawo mani ruwa. Ya gwada rigar a kan kaftaninsa, ya kira maƙwabtansa biyu su gani.

"Ga ɗan Ƙofar Sauri da Rifkatu ta samu a can," ya ce masu. "Ta ce mani ta yi ɗan'uwa. Kun ga amfanin zaman lafiya? Ɗiyata tana bakin duniya, Allah ya kai mata na gida."

Suka shiga sa mani albarka. Kofin ruwan yana hannuna na kasa kai shi baki. Na jira har maƙwabtan suka tashi, sannan na sauka daga benci na zauna a ƙasa.

"Baba, ba ni na taimaki Rifkatu ba."

Na gaya masa. Ban rage ba, har abincin da na kai bayan na gudu. Ya kashe rediyon tun ina tsakiya. Da na gama sai ya ce, "Shi tsohon, shekarunshi za su kai nawa?"

"Sa'anka ne, Baba."

Ya dubi gwiwoyinsa, ya shafa su a hankali.

"Ta gaya maka?" na tambaya.

"A'a. Rifkatu ba ta da surutu, uwarta ta biyo." Ya ninke rigar sanyin ya ɗora a cinya. "Mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan."

"Ta san wannan?"

"Ba ta sani ba."

"To ni ba ni ya kamata in riga ta ji ba, ɗana. Shanye ruwanka ka tafi gida."

Na shanye. Da ƙafa na koma, ban tsaya a majalisa ba duk da ana kirana. Na iske Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, gilashinta a kan hanci. Na cire takalmi na zauna a bakin tabarmarta.

"Hajiya, hoton nan da na aiko na kan gada, ba hanyar ofis ba ce."

Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashin. Sannan ta ture faifan gefe, ta kakkaɓe hannuwanta.

"Ina jinka," ta ce.